Hannuwa Babu Fuska

Na ga hannuwa biyu a wayata,
babu fuska, babu sallama, babu suna.
Suka ɗauko transista ɗaya, jar waya, baƙar waya,
suka ɗiga darma kamar mai ɗiga zuma a koko.
Minti uku da 'yan daƙiƙu,
sai ga kiɗa na girgiza tebur.
A ƙasa an rubuta mutum miliyan biyu sun kalla.
Na ce, miliyan biyu ba sa taruwa a kan ƙarya.

Ranar Asabar na gangara Dilimi
da kuɗin dakon kabeji na Farin Gada,
aka ƙirga min kayan a tafin hannu,
ƙanana kamar ƙwayar gero mai ƙafafu.
Na dawo Unguwar Rogo ruwa na dukan kwano,
na jingina wayar da gwangwanin madara.
Tsayar, koma baya, tsayar,
yatsana na bin yatsan wani
kamar mai taka sawun ɓarawo cikin duhu.
Na haɗa batir.

Ba kiɗa ne ya fito ba.
Wani siririn hayaƙi ne, da ƙauri,
da Zuwaira a bakin ƙofa
tana tambaya ko masara nake gasawa.

Transista uku na binne a makon nan.
Data ta ƙare sau biyu.
Su kuwa hannuwan, ko sau ɗaya ba su ƙone ba,
ba su taɓa cewa ga dalili ba.

Baba Dung, mai gyaran rediyo a bayan Kwararafa,
ya goge tabarau da gefen riga, ya kalla har ƙarshe.
Ya ce, mayar baya. Nan.
Ka ga wayar da ta sulale ƙarƙashin tebur?
Can makaɗin yake zaune.
Wannan na sama ɗan rawa ne kawai.

Sannan ya ture shayinsa gefe.
Wuta ruwa ce, in ji shi.
Resista matsattsen kwararo,
kafasita randa, ta tara ta saki,
transista kuma mai gadin madatsar Lamingo:
ka taɓa shi kaɗan, ya buɗe da yawa.
Ka sake masa ruwa babu kwararo,
me kake so ya yi in ba mutuwa ba?
Ya zana min a bayan takardar magani,
ya hana ni ita
sai da na faɗa masa aikin kowane layi.

Ba zan rantse duka ƙarya ne ba.
Daga baya na tsinci wani bidiyo,
hasken ɗakin kamar na aci-balbal,
zakara na cara a baya,
wata mata mai tari tana magana a hankali
har minti ashirin da bakwai.
Nata ma ya yi hayaƙi.
Ba ta yanke wurin ba.
Ta ɗauko mita, ta auna, ta ce, ga inda na yi kuskure.
Mutum ɗari uku da sha biyu suka kalle ta.
Sau tara a ciki, ni ne.

Jiya da dare ya yi magana,
a cikin kwalin sabulu da na huda wa baki.
Ba ya girgiza tebur.
Akwai ma wani ɗan shuuu a ƙasan muryar
kamar ana suyar ƙosai a gidan maƙwabta.
Amma Inna ta ji labarai tun daga madafa,
ta ce a ƙara mata kaɗan.

Zuwaira ta tsuguna, ta nuna da farce,
wannan mai kama da ƙaramar ganga fa?
Na ce, randa ce.
Ta ce, randar me?
Na jawo mata kujera.